Corey Harris, makaɗin da bai zauna a inuwar babban kamfani ba

Kwana uku ke nan ina maimaita sauraren faifai guda, shi ya sa na ce bari in zo in yi maganar mai shi ko zuciyata ta huta. Sunansa Corey Harris, baƙar fatar Amurka ne, makaɗin jita kuma mawaƙin blues, wani tsohon salon kiɗan baƙar fatar Amurka. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba, kuma wannan ɗin ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

A ƙasar Hausa mun san makaɗi da uban gidansa. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, a ba shi doki, a ba shi riga, shi kuma ya wasa sarki. Amma waƙar tana nan a bakinsa, ba wanda zai ce da shi ya saye ta. A Amurka kamfanin faifai ne uban gida, kuma nasa salon daban ne: zai ba ka kuɗi a hannu, ya kai ka situdiyo, sannan muryar da aka naɗa ta zama dukiyarsa. Haka aka yi wa tsofaffin makaɗan blues na Misisipi, jikokin bayin da aka 'yanta a 1865, waɗanda suka ƙirƙiro wannan kiɗa a gonakin auduga. A biya mutum 'yan daloli a kan waƙa, shi ke nan an gama da shi. Son House, ɗaya daga cikin manyansu, sai da ya ajiye jita shekara da shekaru yana aikin ƙarfi, kafin wasu samari masu son kiɗansa su gano shi a garin Rochester a 1964. A shekarar ce kuma aka samu Skip James kwance a gadon asibiti, duniya ta manta da shi.

To, Harris ya san wannan tarihin sarai kafin ya shiga sana'ar. An haife shi a Denver ta jihar Kolorado a 1969. Ɗan boko ne, ya gama kwalejin Bates a 1991, ya samu tallafin karatu ya taho Kamaru ya zauna yana nazarin harshe. Da ya koma sai ya kama koyarwa a wani ƙaramin gari a jihar Louisiana, in ya samu sarari kuma ya ɗauki jitarsa ya nufi titunan New Orleans ya zauna yana kiɗa, mai wucewa ya jefa masa abin da ya sawwaƙa.

Wannan zaman titin nake so mu ɗan tsaya a kai. Mutum da digirinsa, da aikinsa, ya zauna a bakin hanya yana waƙa. A wurinmu sai a ce ya zubar da girma. Ni kuwa ina ganin a nan ya samu abin da ya riƙe shi har yau. A titi babu injin gyaran murya, babu 'yan amshi da za su rufa maka asiri. In muryarka ba ta tsayar da mai sauri ba, ranar ka tashi hannu wayam. Duk wanda ya taɓa ganin yadda marigayi Ɗanmaraya Jos ke riƙe taro da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai tilo, ya san abin da nake nufi. Jitar da Harris ya fi shahara da ita mai jikin ƙarfe ce, irin wadda aka ƙera tun kafin zuwan jitar lantarki don amonta ya kai nesa. Yakan sa ɗan bututu a yatsa ya riƙa goga shi a kan tsirkiyoyin, sai ka ji jitar tana nishi kamar mutum.

Faifansa na farko ya fito a 1995, a ƙarƙashin Alligator, wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a Shikago wanda Bruce Iglauer ya kafa a 1971. Na biyun, na 1997, ya ci lambar W.C. Handy, wadda masu blues ke ji da ita. A lokacin kasuwa ta riga ta yanka masa riga: saurayi baƙi mai kiɗan kakanni, ya sa hula ya zauna a kujera ya yi ta maimaita abin da aka saba ji. Da ya sa rigar nan da ya ci abinci cikin kwanciyar hankali har tsufansa. Sai ya ƙi. Ya shigo da kiɗan New Orleans, ya shigo da na tsibiran Karebiyan, ya yi faifai da makahon nan gwanin piyano Henry Butler a 2000, daga baya ma ya yi faifai sukutum na rege. Gaskiya wannan na regen bai shige ni ba, na fi son sa shi da jitarsa kawai. Amma na fi ƙaunar mawaƙin da zai yi abin da ban so ba don ransa ya so, a kan wanda zai yi ta dafa mini tuwo iri ɗaya don an ce masa shi ke tafiya a kasuwa.

Faifan da ya hana ni sakat shi ne na 2003, mai suna Mississippi to Mali. Labarinsa kaɗai ya isa. Harris ya shirya naɗar waƙoƙi da wani tsoho, Otha Turner, manomi a tuddan arewacin Misisipi, mai busa sarewar da yake yanka da hannunsa daga kara, ya huda ta da ƙarfe mai zafi, ana bin sa da ganguna. Duk shekara yakan yanka awaki a gidansa a taru a ci a yi rawa. Ana saura 'yan kwanaki a fara aikin, a watan Fabrairun 2003, tsohon ya rasu yana da shekara casa'in da 'yan kai. Sai jikarsa Shardé Thomas, yarinya ƙarama da ba ta wuce shekara sha uku ba, ta ɗauki sarewar ta tsaya a gurbin kakanta. Wallahi duk lokacin da na ji busar yarinyar nan sai tsikar jikina ta tashi.

Ɗaya ɓangaren faifan kuma a Niafunke aka naɗe shi, a bakin Kogin Kwara cikin yankin Tumbuktu, tare da Ali Farka Toure, shahararren makaɗin jita na ƙasar Mali. A shekarar ce Martin Scorsese, mai shirya fina-finai na Amurka, ya fitar da fim ɗin da ya bi Harris daga Misisipi har Mali. Abin da ya burge ni shi ne yadda Harris ya zauna a gaban Ali Farka. Zaman almajiri ne a gaban malami: yana saurare, yana bi a hankali, ba ya rige-rigen nuna gwaninta. Shi kuwa Ali Farka, mutumin da ya ci Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, amma ya fi so a kira shi manomi, in ya ja njarka, wato ɗan gogensu mai tsirkiya ɗaya, duk Bahaushen da ya san kukuma zai ji kamar a ƙofar gidansu ake yi.

A nan sai mu yi hattara da ɗoki. Ana yawan cewa wai blues daga Mali ya tafi Amurka a ɗaure cikin ƙunshi. Ban yarda da wannan ba. Bayin da aka kwasa daga ƙasashe da yawa suka fito, kuma ƙarni ya shuɗe bayan ƙarni kafin a haifi blues. Jijiyar daga nan take, wannan kunne ma ya shaida, amma a ƙasar wahalar Amurka itacen ya tsiro. Shi ya sa da Harris ya fito fili ya rubuta cewa blues kiɗan baƙar fata ne, kowa na iya kaɗawa amma kada a raba shi da masu shi da azabar da ta haife shi, na ga gaskiyarsa. Maganar ta ɓata wa mutane da dama rai, alhali mafi yawan masu sayen tikitin bukukuwan blues a yau Turawa ne. Mawaƙin da babban kamfani ke riƙe da linzaminsa da wuya ya iya buɗe baki ya faɗi haka.

Kada kuma a ɗauka 'yancin nan kyauta ne. Rayuwa ce ta hanya: yau wannan gari, gobe wancan, ƙaramin zaure, ɗaukar kaya da kanka, sayar da faifai a kan tebur bayan an tashi. Manhajojin sauraren waƙa kuwa abin da suke biya a kan saurare ɗaya bai kai santi guda na dala ba. A 2007 gidauniyar MacArthur ta ba shi kyautarta ta dala 500,000, wadda ba a nema kuma ba a gindaya mata sharaɗi. Na yi masa murna, amma makaɗa nawa ne irinsa da ba wanda zai taɓa bugo musu waya da irin wannan albishir? Kuma kuɗin bai canja masa hanya ba, ya ci gaba da fitar da faifansa a ƙananan kamfanoni.

Ali Farka ya rasu a watan Maris na 2006. Bayan shekaru Harris ya zauna ya rubuta littafi a kan rayuwarsa da kiɗansa, ya sa masa suna Jahtigui. A harshen Bambara kalmar tana nufin mai masaukin baƙo, kuma da ita makaɗan gado na Mali ke kiran uban gidansu. Ashe dai yana da uban gida, wani manomi ne a Niafunke da ya shimfiɗa masa tabarma.