Shekarar 1189 da ke bangon tsohuwar mashayar Nottingham

Duk wanda ya je gindin dutsen fadar Nottingham a Ingila zai ga farin gini, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa shi ne mashaya mafi tsufa a ƙasar, tun 1189. Sunanta Ye Olde Trip to Jerusalem (Jerusalem shi ne birnin Ƙudus). Baƙi da yawa na ɗauka cewa tunda hukuma ta sa ginin cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, to ta amince da wannan shekarar ke nan.

Ba haka abin yake ba. Shiga jerin na nufin mai ginin ba ya da ikon rushe shi ko sauya masa fasali sai da izinin ƙaramar hukuma. Bai tabbatar da labarin da ake bayarwa ba.

A 1189 ne Sarki Richard na Ɗaya ya hau gadon sarauta, kuma ana cewa mayaƙansa sun yada zango nan kan hanyarsu ta zuwa Ƙudus. Babu takardar da ta nuna haka. Ginin da ake gani yau na ƙarni na 17 ne, kuma sai a ƙarni na 18 aka fara samun rubutun da ya ambace shi a matsayin mashaya.

Abin da ya fi burge ni yana ciki. Wasu ɗakunan ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi cikin dutsen yashi mai laushi, bangon na marmashewa idan ka shafa. Sanyin waɗannan ɗakunan kogo ba ya canzawa rani da hunturu, shi ya sa masu dafa giya na garin suka daɗe suna ajiya a irinsu.