Ranar da Na Kai Shayi Inda Ba a Shan Shayi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tafasa ruwa a bakin titi a Nima kafin in san akwai bayin Allah da ke wayar gari su ƙi shan shayi da gangan, lafiyarsu lau, da kuɗinsu a aljihu.

A ƙarshen 2003 ne. Ƙaramar Sallah ba ta jima da wucewa ba, aljihu ya bushe ƙayau, hunturu kuma ya fara leƙo Akra. Akwai wani direban tirotiro, wato bas ɗin haya, da kullum asuba yake shan kofi biyu a teburina ya biya kuɗin ɗaya. Shi ya kawo mini labarin.

"Maigida, kana nan kana fama da masu cin bashi, ga kasuwa can ta buɗe a titin Independence. 'Yan Mormon sun gama gininsu. Daga 3 ga Disamba har 20 ga wata kowa zai shiga ya gani kyauta, Kirista da Musulmi da wanda ba ya ko ɗaya."

Ba baƙi ba ne a kunnena. Ina yaron shagon wani mai shayi a 1989 lokacin da gwamnatin Rawlings ta hana su taro ta garƙame coci-cocinsu, ba a sake su ba sai ƙarshen Nuwamban 1990. Iyakar abin da na sani game da su ke nan, sai kuma samarinsu masu farar riga da nakatai da ke yawo bibbiyu cikin rana. Direban ya ƙara mini da cewa wannan ginin ba coci ba ne, haikali suke ce masa, kuma duk Afirka ta Yamma babu irinsa. Wanda ke Afirka guda ɗaya ne tal, can Johannesburg, tun 1985. Saboda haka jama'a za su kwararo daga Kumasi, Takoradi, Cape Coast, har daga ƙasashen maƙwabta.

Nan take kaina ya fara lissafi. Matafiyi ya kwana a mota, ya sauka cikin sanyin asuba, me zai nema? A daren na lallaɓa uwargida ta ranta mini kuɗin adashinta da ta ɗauka a makon, wanda ta tanada don keken ɗinki.

Ta ce, "Malam, ka dai tambaya ko suna shan shayin?"

Na yi dariya har da buga cinya. "Ke kuma! Wa kika taɓa gani ba ya shan shayi?"

Na sayi katan na Lipton, gwangwanayen Nescafé manya, madara, sukari, da burodi mai yawan da sai da muka ɗauki tasi. Na tafi da ƙanen matata, yaro mai hannu da sauri, musamman wajen kai wa baki.

Tun kafin gari ya waye muka kafa tebur a wani lungu, nesa kaɗan da ƙofar. Da haske ya fito na ɗaga kai na ga ginin: dutse ne mai ƙyalli, ga hasumiya siririya, a samanta mutum-mutumi mai ruwan zinariya ya kafa kakaki a baki kamar zai tarbi sarki. Daga baya na ji sunansa Moroni, mala'ika ne a wurinsu. Ni dai a ranar, busar kasuwata na ɗauka yake yi.

Jama'a kuwa sun zo, direba bai yi ƙarya ba. Motoci na ta sauke mutane, mata da kente, maza da kwat. Na ɗaga butar sama ina tsiyaya shayi daga wannan kofi zuwa wancan, irin tsiyayar da ke sa mai wucewa ya haɗiyi yawu. Su wuce, su yi mini murmushi, su gaishe ni da ladabi, su ƙara gaba. Ban taɓa ganin mutane masu fara'a da rashin ciniki irin waɗannan ba. Har hantsi ya dubi ludayi kofi huɗu na sayar: biyu ga direbobin tasi, ɗaya ga wani mai gadi, na huɗun kuma ƙanen matata ne ya sha ya ce a rubuta.

Can sai ga biyu daga samarin nan masu farar riga, ɗaya Bature ɗaya ɗan Fante. Kowanne da baƙin bajo a ƙirji. Ɗan Fanten ya yi zama a Zongon Kumasi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na tambaye shi abin da aka rubuta a gaban sunansa, ya ce ma'anarsa dattijo. Na dubi haɓarsa, ko gashi ɗaya babu. Na ce to, dattijo, zauna in haɗa maka mai kauri.

Ya ce, "Baba, mun gode, amma mu ba ma shan shayi."

"To ga Nescafé."

"Shi ma ba ma sha."

"Kai kaɗai, ko da abokin naka?"

"Dukanmu, Baba. Duk wanda ka ga ya zo daga cocinmu."

Ya yi mini bayani a natse, cewa tun 1833 wanda ya kafa cocin, Joseph Smith, ya bar musu ƙa'ida: ba giya, ba taba, ba shayi, ba gahawa. Giya da taba na gane, mu ma haka ne. Amma shayi me ya yi? Na dubi katan ɗin Lipton, na dubi mai kakakin nan na sama, sai na ga kamar ba busa yake ba, dariya yake ƙunshewa.

Yaron ya ga yadda fuskata ta koma, ya ce tunda na zo, in shiga in ga ginin mana, kyauta ne, kuma da zarar an keɓe shi ba mai sake shiga sai nasu. Kalmar kyauta ce kaɗai ta yi mini daɗi a duk ranar. Na bar wa ƙanen matata tebur, wanda shi ne kuskurena na biyu, na bi layi.

Mu tarbiyyarmu, wurin ibada ba a shiga da takalmi. Tun daga nesa na tuɓe silifas ɗina na cusa ƙarƙashin wata fulawa, don na san halin ƙofar masallacin Juma'a. Na iso bakin ƙofa da faso na hunturu a fili, sai wani saurayi ya durƙusa a gabana riƙe da wasu fararen ledoji biyu masu roba a baki. Na ji daɗi ƙwarai. Na dafa kansa na ce Allah ya yi maka albarka, rabon da yaro ya durƙusa mini har na manta. Sannan na karɓi leda ɗaya, na duba, na ga ta yi kama da hular wankan mata. Na ce a raina kowane gida da al'adarsa. Na kifa ta a kan hulata. Ta biyun na sa a aljihu, na ɗauka ta canji ce.

Layin ya yi tsit. Wata dattijuwa a bayana ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai a lokacin na kalli ƙafafun mutane. Kowa da takalminsa, ledar kuma a kan takalmin take, don kada a ɓata musu darduma. Haka na koma wurin fulawa da leda a ka ina laluben silifas, ashe fulawar iri ɗaya ce reras, sun fi ashirin.

Ciki kuwa, gaskiya a faɗe ta, an yi aiki. Katako mai duhu yana sheƙi, tagogi da gilashi mai launi, sanyi na ratsa mutum ba tare da ka ga inda yake fitowa ba. Na yi zaton zan ga babban zaure da kujeru jere, sai na tarar ɗakuna ne ƙanana-ƙanana. Mai yi mana jagora ta ce ibadar Lahadi a coci-cocinsu na unguwa ake yi, nan kuwa na ɗaurin aure ne da wasu ibadu na musamman.

Ɗakin da ya tafi da hankalina shi ne na kwamin wanka. Ƙaton kwami ne aka ɗora a bayan bijimai goma sha biyu, kowanne ya juya ƙeya ciki ya fuskanci waje. Ta ce suna wakiltar ƙabilu goma sha biyu na Bani Isra'ila, kuma a nan ake yi wa mutum baftisma a madadin kakanninsa da suka rasu. Kowa na gyaɗa kai cikin natsuwa. Ni kuwa jikan mai fataucin shanu ne, babbar Sallah kuma saura kamar wata biyu. Ido na ya riga ya shiga aiki: wannan ƙirjinsa ya cika, wancan zai yi mutum bakwai ba gardama. Da ta ce akwai mai tambaya, hannuna ya tashi da kansa.

"Hajiya, don Allah, me ya sa ba su da tozo?"

Aka fassara mata. Ta yi shiru, ta leƙa bijiman kamar yau ta fara ganinsu, ta ce tun da aka fara shigowa ba wanda ya yi mata wannan tambaya.

Daga nan sai ɗakin ɗaurin aure. Madubi biyu ne manya suna kallon juna, idan ka tsaya a tsakiya sai ka ga kanka jere har inda ido ya ƙare. Ta ce alama ce ta cewa auren da aka ɗaura a nan ba ya ƙarewa da mutuwa, har abada ne. Wasu ma'aurata kusa da ni suka riƙe hannu. Ni kuma na tsaya ina kallon masu shayi ɗari, kowanne da bashin adashi a wuyansa, ina tunanin abin da har abada ke nufi ga mutumin da ya cinye wa matarsa keken ɗinki.

Ɗaki na ƙarshe tun daga ƙofa aka gargaɗe mu: ba magana, a zauna a yi shiru a yi tunani. Fitila mai ƙyalƙyali na reto daga sama, kujerun kuwa irin waɗanda in ka zauna sai su rungume ka. Ka tuna tun ƙarfe uku na dare nake tsaye. Na ce bari in ɗan lumshe ido in yi tunanin kamar yadda aka ce. Sai ga ni a Nima, layi ya miƙe har Maamobi, kowa da kofinsa. Wani ya taɓa kafaɗata a hankali, na zabura na ce da ƙarfi:

"Da madara ko baƙi?"

A ɗakin da ko tari ba a yi.

Na fito na tarar ƙanen matata ya gama da burodi uku da gwangwanin madara biyu, wai yana gudun kada su lalace.

Da mai hankali ne, da nan labarin ya ƙare. Amma kafin mu naɗe kaya dattijon nan mara gemu ya dawo, ya ce in da Milo ne da sun sha, shi ba a hana ba. A Gana kuwa kowa ya sani, Milo ma shayi ake ce masa. Ya kuma gaya mini babban taro na nan tafe: shugabansu na duniya, Gordon Hinckley, tsoho mai shekara 93, zai taso daga Amurka ya keɓe ginin ranar 11 ga Janairu, kafin nan kuma ranar 10 za a yi wasan gargajiya na matasa a filin ƙwallon Akra.

Na sake lissafi. Wasan yara daban, ranar manya daban. Na bar Asabar ta wuce, na ci bashin Milo a wurin mai kanti, na shirya wa ranar 11. Uwargida ta ce, "Malam, wannan karon ka tambaya?" Na ce mata daga bakin dattijonsu na ji.

Ranar jama'a ta fi ta farko tsari, kowa cikin kayansa na fita kunya, kusan kowa da farin hankici sabo fil. Na ji an ce a ciki ake kaɗa shi sama ana kiran Hosanna sau uku. Na ce kash, da na sani da hankici na saro. Na haɗa Milo mai kauri, ƙamshi ya cika lungun. Suka wuce. Suka yi murmushi. Suka gaishe ni.

Da na hango yaron nan na yi masa kira kamar wanda ya ci mini kuɗi.

"Dattijo! Ga Milon da ka ce!"

Ya dafe kai. "Wayyo Baba, yau Lahadi."

"To sai me?"

"Ba ma saye da sayarwa ranar Lahadi. Jiya da ka zo filin ƙwallo..."

Na ɗaga masa hannu, kada ya ƙarasa.

Na ce tunda ciniki ya ƙi, bari aƙalla in je in ga tsohon da ya ƙetare teku. A ƙofa wani mutum mai kwat ya tambaye ni takardar izini, wadda shugaban cocin unguwa ke sa wa hannu. Na laluba aljihu na zaro ledojin nan biyu da na adana tun Disamba, na ce ai ni ɗan gida ne, ga takalmana ma na zo da su. Ya yi dariya har ya share ido, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya raka ni waje da mutuncin da ban taɓa samu ba a wurin wanda ke korata.

Da la'asar muka koma Nima. Uwargida na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi gwangwanayen Milo, ta dubi ƙaninta da ke lasar leɓe, ta dube ni. Ba ta ce komai ba sai da ta ga farar leda na leƙowa daga aljihuna. Ta zare ta, ta ja robar, ta gwada a bakin kwanon sukari, ta zauna daram.

Ta ce, "To, wannan dai ta yi amfani. Zan cire maka kuɗinta a cikin bashin."