Sefsis a jarirai: kafin awon jini, a saurari uwa

A watan Janairun 2024 ƙwararrun likitocin yara suka fitar da sabuwar ma'anar cutar sefsis, wadda ake kira ma'aunin Finiks. Tsohuwar ma'anar ta 2005 ta dogara ne da zafin jiki, da bugun zuciya, da saurin numfashi, da yawan fararen ƙwayoyin jini, alhali kuwa yaro mai zazzaɓin cizon sauro ma yakan nuna waɗannan. Sabuwar ta ce sefsis shi ne ƙwayar cuta ta kai ga gurgunta sassan jiki, ana kuma auna numfashi, da zuciya da jijiyoyi, da daskarewar jini, da ƙwaƙwalwa. Ana ba kowanne maki, idan jimillar ta kai 2, an tabbatar da sefsis.

Wannan ci gaba ne, amma a ganina ma'aunin na babban asibiti ne, irin su Barau Dikko da ke Kaduna ko na koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya, inda akwai ɗakin awo. Bai haɗa da bakwaini ba, kuma ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a Giwa ko Kauru ba ta da na'urar duba daskarewar jini. Ko awon da ke gano ƙwayar cutar a cikin jini yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, jariri kuwa yana iya tafiya cikin dare ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka ɗauka cewa ba zazzaɓi, ba ciwo. Jariri mai sefsis sau da yawa jikinsa sanyi yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamomin haɗari ga wanda bai cika wata biyu ba: ƙin kama nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti guda, lotsawar haƙarƙari, zafi mai yawa ko sanyin da ya gaza digiri 35.5, da rashin motsi sai an taɓa shi. Yawancin waɗannan ido ne ke ganinsu, kuma mai jego ce ke fara lura. Idan ta ce yaron ya daina tsotso, sai a ce mata ta bari a yi suna, ko kuma a ci gaba da gasa cibiya da tsumma ana shafa mata man goge baki, maimakon kilohekzidin, man kashe ƙwayoyin cuta da gwamnati ta amince da shi.

Zariya na cikin wuraren da aka yi binciken da ya kai Hukumar ga shawararta ta 2015, cewa inda ba za a iya kai jariri babban asibiti ba, a yi masa allurar jentamaisin tare da amoksisilin na sha, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a ƙaramin asibiti. Tunda da 'ya'yanmu aka gwada, ya kamata ma'aikatar lafiya ta Jihar Kaduna ta tabbatar kowane asibitin mazaɓa, a mazaɓu 255, yana da ma'aunin zafi, da waɗannan magunguna, da ma'aikaciyar da za ta ƙirga numfashin jariri minti guda cur kafin ta sallami uwarsa.