Ƙananan kulob na Ostireliya fa, wa zai waiwaye su?

Na gaji da jin ana kirarin gasar mata ta ƙwallon Ostireliya (wasa ne daban da ƙwallon ƙafa da muka sani), wato AFLW, wadda ta tashi daga kulob 8 a 2017 zuwa 18 a 2022, alhali ƙananan kulob na karkara da ke rainon 'yan matan suna ta rarrafe! Ci gaban matan yana faranta mini rai ƙwarai, amma wa ya leƙa filin ƙauye? Yarinya tana sauya riga cikin mota saboda babu ɗakin mata, fitilar fili kamar aci-balbal, iyaye suna gasa nama har hayaƙi ya makantar da su domin a biya alƙalin wasa. Kafin kakar wasan 2018, kulob biyu, Burnie da Devonport, sun fice daga gasar jihar Tasmaniya. Shin sai an yi jana'izar kulob na ƙarshe kafin kuɗin talabijin ya gangaro ƙasa?