Juventus ta zalunci Andrea Pirlo har sau biyu

Ranar 30 ga Yulin 2020 Juventus ta naɗa Andrea Pirlo kocin ƙungiyarta ta 'yan ƙasa da shekara 23. Cikin kwana 9 bayan haka, Lyon ta fitar da babbar ƙungiyar daga gasar Zakarun Turai, aka sallami Maurizio Sarri, aka ɗora Pirlo a kujerarsa. Ko wasa ɗaya bai taɓa jagoranta ba, takardar shaidar horarwa mafi girma ma sai a watan Satumba ya karɓe ta a Coverciano, cibiyar horar da kociyoyi ta Italiya. A ganina, tun ranar aka fara lalata masa sana'a.

Babu mai musun gwanintarsa a fili. Ya ci Kofin Duniya a 2006, ya ɗauki kofin Zakarun Turai da AC Milan a 2003 da 2007, ya lashe Serie A sau 4 a jere da Juventus, ya buga wa Italiya wasa 116. Amma hango wurin da za ka jefa ƙwallo daban, sa mutum 11 su hango shi tare da kai daban. Na biyun koyonsa ake yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Dubi mutanen da suka horar da shi. Carlo Ancelotti ya fara ne da zama mataimakin Arrigo Sacchi a tawagar Italiya, sannan a 1995 ya karɓi Reggiana a Serie B, rukuni na biyu na Italiya. Antonio Conte kuwa ya sha wuya sosai: a kakarsa ta farko Arezzo ta kore shi, ta sake dawo da shi, ƙungiyar kuma ta faɗa rukuni na ƙasa. Sai da ya haura da Bari da Siena zuwa Serie A kafin Juventus ta kira shi a 2011. Dukansu sun tafka kurakuransu ne a inda idon duniya bai kai ba. Pirlo bai samu wannan damar ba. Kuskurensa na farko a gaban Cristiano Ronaldo ya yi shi, da Chiellini da Bonucci waɗanda jiya-jiya suke sanya riga tare, da Buffon wanda ya girme shi.

Wanda ya kalli wasan Juventus da Porto a gasar Zakarun Turai na watan Maris ɗin 2021 ba zai manta ba. An bai wa Taremi jan kati, Porto na wasa da mutum 10, aka shiga ƙarin lokaci. Sergio Oliveira ya buga bugun tazara daga nesa, 'yan katanga suka yi tsalle, Ronaldo ya juya baya, ƙwallo ta bi ƙasa ta shige raga, aka fitar da Juventus daga gasar. Ba a rufe watan ba Benevento ta zo har Turin ta ci su 1-0. Inter ta Conte ta ƙwace kofin da Juventus ta riƙe shekara 9. Waɗannan duk sun faru a hannun Pirlo, kuma yana da nasa kason laifin, musamman yawan canza tsari da ya riƙa rikita 'yan wasan tsakiya.

To amma a faɗi sauran. Ya je Camp Nou ya doke Barcelona 3-0. Ya ci Napoli ya ɗauki Super Cup na Italiya, ya ci Atalanta 2-1 ya ɗauki Coppa Italia, ya kammala lig a mataki na 4 da maki 78. Sabon shiga ne fa, a kakar korona da ba a samu isasshen lokacin atisaye ba. Duk da haka aka kore shi a watan Mayu, aka dawo da Massimiliano Allegri. Me ya biyo baya? Mataki na 4 dai, da maki 70, babu kofi ko ɗaya. Wannan shi ne zalunci na biyu, kuma ya fi na farko ciwo. Idan har Andrea Agnelli, shugaban Juventus na lokacin, ya yarda ya ɗauki ɗan koyo, wajibi ne ya ba shi lokacin koyo. Idan kuma sakamakon nan take yake so, me ya sa tun farko bai nemo ƙwararre ba?

Wasu za su ce abin da ya faru daga baya ya wanke Juventus. Pirlo ya je Fatih Karagümrük ta Turkiyya a 2022, suka rabu kafin kaka ta ƙare. Ya karɓi Sampdoria a Serie B a 2023, ya kai ta wasannin share fagen haurawa, sannan aka sallame shi a Agustan 2024 bayan wasan lig 3 kacal na sabuwar kaka. Hujja ce, na yarda, kuma mai yiwuwa ne Pirlo ba zai taɓa kai matsayin Ancelotti ba. Sai dai Sampdoria da ya tarar ta faɗo ne daga Serie A da bashi a wuya, har da hukuncin rage maki, kuma bayan tafiyarsa lamarinta ƙara taɓarɓarewa ya yi. Irin aikin da ya kamata ya fara da shi a 2020 kenan, sai ya same shi da tambarin wanda ya kasa riƙe Juventus, kowane rashin nasara ana auna shi da wancan ma'aunin.