Idan aka rufe gidan abinci don lafiyar kowa, wa zai biya haya?

Wanda ya ga gidan abinci cike da jama'a da tsakar rana sai ya ɗauka mai wurin kwasar kuɗi yake yi. 'Yan sana'ar sun san ba haka ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ciniki kayan girki ke cinye shi, albashi ya ɗauki kwatankwacin haka, sannan haya da wuta da ruwa da haraji su yi wa ragowar rubdugu. Ribar da ke saura a yawancin wuraren ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba. A lokacin lafiya ke nan.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, ƙasashe suka shiga dokar kulle, wannan 'yar ribar ce ta fara tafiya, uwar kuɗi ta bi bayanta. Mai sayar da takalmi zai iya garƙame shago ya dawo bayan wata uku ya tarar da hajarsa. Nama da madara da ganye ba sa jiran kowa. Duk da haka, ana iya daina sayen kayan girki. Haya ce ba ruwanta da annoba: wata ya ƙare, a biya, ko an kunna murhu ko ba a kunna ba.

Ko da aka sassauta, aka ce a buɗe amma a bar tazara tsakanin tebura, lissafin bai gyaru ba. Wurin da sai ya kusa cika yake mayar da kuɗinsa, in ka ce ya zaunar da rabin mutane, ka ba shi izinin buɗewa ne ya ci gaba da faɗuwa.

An yi ta cewa kai abinci gida-gida shi ne mafita. Ni ban gamsu ba. Manhajojin da ke wannan aiki suna iya karɓar la'adar da ta kai kashi 30 na kuɗin oda, ga kuɗin mazubi da leda, ga shi mai ci a gida ba kasafai yake sayen abin sha ba, alhali nan ribar ta fi kauri. Shi ya sa biranen San Francisco da New York suka taƙaita la'adar kai abinci a kashi 15 a 2020. Manyan kamfanoni masu tagar miƙa wa mai mota abinci sun farfaɗo da wuri. Ƙanana aka yi wa zaman kashin dankali.

Tallafin gwamnatoci ma bai tafi daidai ba. Amurka ta ware dala biliyan 28.6 a 2021 don gidajen abinci, kuɗin suka ƙare fiye da rabin masu nema ba su samu ba. Birtaniya kuwa a watan Agustan 2020 ta riƙa biya wa masu ci rabin kuɗi, har zuwa fam 10, don su fito. Wannan a ganina kuskure ne: cutar da ke yaɗuwa a taro ba a neman maganin asararta ta hanyar tara mutane. Abin da ta yi daidai shi ne biyan ma'aikatan da aka zaunar a gida kashi 80 na albashinsu, da hana masu gine-gine korar 'yan kasuwa saboda bashin haya. Sai dai bashin bai ɓace ba, taruwa ya yi, har sai da aka yi dokar sasanci a kansa a 2022.

Na san mai gini shi ma yana da iyali, wataƙila banki na binsa. To a haɗa da bankin. Duk lokacin da hukuma ta rufe wuri don kare lafiyar jama'a, hayar ta koma wani kaso na cinikin da aka yi, bankin ya ɗaga wa mai ginin ƙafa na tsawon kullen, gwamnati ta riƙe albashin masu dafawa da masu wanke-wanke, waɗanda su ne ake fara sallama. A rubuta haka cikin takardar haya da cikin doka tun yanzu, lokacin da kowa ke da natsuwar karanta abin da zai sa wa hannu.