Kafin ka zauna a kujerar mai gidan ɗab'i

Ƙannena masu koyon aikin ɗab'i a Garwa, Marwa da Gaundare, don Allah ku rage gaggawar buɗe naku wurin. Shugaban maɗaba'ar da kuke sha'awar kujerarsa, galibi da ninke takarda da wanke rola ya fara, kuma lissafi ne ya riƙe shi har yau.

Ku duba nan. Babbar takarda mai santimita 65 da 92 tana ɗaukar shafi 32 na A5 (girman rabin takardar fotokwafi), gaba da baya. Littafi mai shafi 64 takarda biyu yake ci, kwafi 1000 kuwa rim huɗu, kowane rim takarda 500. To duk wanda ya yanke farashi a kan rim huɗu cif ya faɗi tun bai fara ba, domin kafin ruwa da tawada su daidaita a inji sai an ɓata takardu, kuma kowace kala da tata ɓarnar. Ga farantin bugu da ake ɗaura wa inji, ga ɗinki da yanka, ga man janareto. Takardar ma daga Duwala take tasowa, kuɗin ɗauko ta yana kanta, don haka ka tambayi dila farashin yau kafin ka buɗe baki. Ka karɓi kafin alƙalamin da zai sayi takardar, ko da mai aikin kawunka ne.

Kada inji ya juya sai mai aiki ya karanta samfur ya sa hannu, abin da ake kira BAT. Nan ne samari suka fi sakaci, abin yana damuna. Aikin Hausa da Fulatanci yana da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kuma ba kowane samfurin haruffa ke da su ba. Sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar sunan mutum bayan an buga dubu. Hoton da aka turo ta WhatsApp ya riga ya matse, dishi-dishi zai fito, ka nemi na asali. A mayar da kala CMYK, wato kaloli huɗu na tawadar inji, a bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka.

Da hunturu takarda kan bushe ta manne, inji ya riƙa jan bibbiyu. Ka bar rim a naɗe ya kwana kusa da inji, ka karkaɗe shi sosai kafin lodi.

Sai amana. Wanda ya biya takarda mai nauyin giram 80 kada ka sa masa 70 don ba zai gane ba, kuma dubu ta cika dubu. Yaran da suka kwana suna ninki, ka sallame su ranar da aka karɓi kaya.